Wutar da Khaulat Ta Hura a Gindin Dutse

Rana ta riga ta faɗa bayan duwatsu, amma ladan bai kira magariba ba tukuna. A unguwar Yalwawa lokacin nan ne awaki ke dawowa gida da kansu, hayaƙin murhu ya kwanta a kan katangu, mata su fara ƙwala wa yara kira. A gidan ƙarshen layi, wanda katangarsa ta baya ta haɗe da wani ƙaton dutse, Khaulat tana kwashe shanya. Mijinta, Dakta Ziyad, yana alwala a bakin famfo. 'Yarsu Safa, mai shekara goma sha biyu, tana kwance rub-da-ciki a tabarma tana aikin makaranta.

Sai wani abu ya faɗo kan rufin kwano, ya gangaro, ya dira a tsakar gida. Tsakuwa ce, ba ta wuce ƙwan zabo ba. Dakta ya ce yaran unguwa ne ke jifan ƙadangare, ya ci gaba da shafar kai. Ta biyu ta faɗo, ta uku ta biyo ta. Ya leƙa waje bai ga kowa ba, sai wata akuya da ke tuƙa a gindin katanga. Da Khaulat ta sunkuya ta ɗauki ɗaya, ta ji ta da ɗumi kamar an ciro ta daga toka, kuma tana ƙamshin wani turare da ta san duk garin babu mai irinsa sai ita. Ta cusa tsakuwar cikin kwandon wanki, ba ta ce wa kowa komai ba.

Mutanen Sudan ne, 'yan birnin Umdurman. Yaƙi ne ya koro su, suka yi wata bakwai a hanya, daga wannan sansani zuwa wancan, har wani tsohon abokin karatun Dakta ya samo masa aikin duba yara a wani asibiti a Dutse. Shi bai yi wata uku ba ya saba. Ya koyi cin tuwo da miyar kuka, ya koyi wata Hausa da yake ganin ta nuna, alhali ma'aikatan jinya dariyarsu suke ɓoyewa. Safa ta fi shi nesa ba kusa ba. In tana faɗa da ƙawayenta sai ka rantse a Dutse aka yanke mata cibiya. Khaulat kuwa jikinta ne kawai ya iso. Shekara biyu cur kayan sawarsu na cikin akwatuna uku a jere bayan ƙofa, durowar ɗakin kuwa wayam. Ta saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da kogi, ga shi an kawo ta inda ta kowace taga ta leƙa dutse ne ke kallon ta. Kowace magana tata da "in mun koma" take ƙarewa. Gidanta take nufi, mai ɗaki huɗu da bishiyar lemun tsami, wanda ta gada daga mahaifiyarta.

Mai gidan da suke haya, Hajiya Iyatu, tsohuwar Bafulatana ce da ke zaune katanga ɗaya da su. Ita ta nuna wa Khaulat hanyar kasuwa, ita ta ɗura mata 'yar Hausar da take ji. Ta taɓa kawo mata dashen lemun tsami a leda. Khaulat ta yi godiya, ta ce wa zai tsaya har ya yi 'ya'ya, aka bar shi bayan randa ya bushe.

Abin da Khaulat ta ɓoye shi ne wannan. Kwana uku kafin jifan, wani maƙwabcinsu na can mai suna Haisam, wanda ya ƙi gudu, ya turo mata bidiyon gidan ta waya. An ɓalle ƙofofi, an kwashe tagogi, an sare lemun. Ta kalla sau uku, ba ta yi kuka ba. Ta jira mijinta ya tafi aikin yamma, Safa ta tafi Islamiyya, sannan ta buɗe akwatin ƙasa ta ciro wani ɗan ƙullin itace.

Matan ƙasarsu suna da al'adar turara jiki. A kowane gida akwai ɗan rami a ƙasa da ake hura itacen ƙamshi a ciki, mace ta lulluɓa da bargo ta zauna a kai, hayaƙi ya ratsa ta. Ƙamshin mahaifiyarta ke nan tun tana goye. Ƙullin nan shi ne na ƙarshe da ta ɗebo daga ɗakin tsohuwar, kuma ba ta taɓa hura shi ba, don gidan hayar ko'ina siminti ne, ba wurin haƙa rami. Amma a gindin dutsen da ke jikin katangar baya akwai wani ɗan rami da Allah ya yi, zagayayye, mai santsi, daidai faɗin da ake so. Kullum a rufe yake da tsohon faifai da dutse a kai. Ranar da suka tare Hajiya ta yi wa Dakta bayani a kansa, ya yi ta gyaɗa kai yana "to, to" bai ji ko rabi ba. Ɗan Dutse ko ruwan zafi zai zubar a irin wurin nan sai ya yi bisimilla ya ce masu wuri su matsa. Khaulat kuwa ramin turare ta gani da aka gina mata. Ta ɗage faifan, ta zuba garwashi, ta jera itacen, ta lulluɓa. A cikin hayaƙin ne kukan ya zo mata, ta yi shi har rana ta faɗi.

Jifan bai tsaya ba. Kullum da rana ta ɓuya bayan dutse yake farawa, ya ɗauke in an idar da sallar magariba. A rana ta huɗu aka fara jin tari a bayan gida, irin tarin tsohuwar da ta shaƙi hayaƙi. A ta biyar, suna zaune za su ci abinci, Safa ta ajiye cokali. Ta tashi ta koma kusurwar ɗaki ta tsuguna, ta juya musu baya. Da uwar ta dafa kafaɗarta, ta waiwayo da idanu jawur, ta yi magana da wata murya mai kaushi, cikin tsohuwar Hausa da ba a koyar da ita a makaranta.

"Ku rage hayaniya. Ina ciki."

Dakta likita ne, ya yi abin da ya sani. Ya auna zafin jiki, ya ɗebi jini, ya kai ta aka ɗauki hoton kai, ya kira abokansa na Kano. Komai ya fito lafiya lau. Ya ce firgicin hanya ne ya dawo mata, ya rubuta magani, yarinya ta haɗiye kamar ta haɗiyi gero. Ya ce to gidan ne, suka kwana biyu a wurin Hajiya, tsakuwa ta bi su can ta fasa mata gilashin taga. Mutumin da yake kwantar wa iyayen yara hankali kullum, sai ga shi zaune a dakalin ƙofar gida ya haɗa kai da gwiwa.

Abin da ya fi tayar wa Khaulat hankali shi ne yadda 'yarta ke raguwa. Da farko da safe Safa na dawowa hayyacinta har azahar. Daga baya ya koma hantsi kawai. A rana ta tara, ta farka na ɗan lokacin da bai isa a dama kunu ba. Ta riƙe hannun uwar, ta yi magana da Larabcinsu na gida, a hankali, kamar mai tsoron kada a ji ta.

"Yumma, wurin ya yi mini kaɗan. Kullum ƙara matse ni take yi."

Daga nan idanun suka juye, aka janye hannun.

Khaulat ta fita ko mayafi babu, ta faɗa gidan Hajiya, ta zube a gabanta ta faɗi abin da ta yi, rabi da baki rabi da hannu. Hajiya ta je ta ga ramin ya yi baƙi ƙirin, ta yi salati ta riƙe haɓa. Ta ce tun zamanin marigayi mijinta suka san da mai wurin, shekara goma sha biyar ba ta taɓa ko ɓarar musu da cokali ba. Ba ta yi faɗa ba, don ta ga wadda za ta yi wa faɗan ta riga ta gama mutuwa a tsaye. Ta aika garin Buji a kira Malam Idirisu.

Ya iso ranar Alhamis bayan la'asar a kan tsohon babur ɗinsa. Ɗan gajeren dattijo ne mai makarantar allo, ba shi da jakar layu, ba shi da kwalaben magani, sai carbi da butar ƙarfe. Ya gaisa da Dakta da Larabcin littafi mai nauyi, har Dakta ya ji kamar huɗubar Juma'a ake masa. Ya duba ramin ya daɗe, sannan ya ce a shimfiɗa tabarma a tsakar gida a kawo yarinyar. Hajiya ta riƙe ƙafafu, uban ya riƙe kafaɗu, uwar ta durƙusa a gefe.

Malam ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Inuwar dutse tana tahowa a hankali har ta rufe rabin tsakar gidan. Da ya kai Ayatul Kursiyyu a karo na uku, jikin Safa ya sanƙare, ta yi wata ƙara da ta sa kajin maƙota suka watse. Ya dakata, ya tambayi wanda ke ciki ko wane ne, kuma me ya kawo shi.

Muryar ta ce ita tsohuwa ce, Musulma, ba ta da kowa. Ta ce ba mugunta ta kawo ta ba. Tana kwance a ɗakinta aka zuba mata garwashi a ka, ba sallama, ba bisimilla, ta fito a makance ta yi kwanaki tana lalube, har ta ci karo da yarinya na shigowa daga makaranta, ta faɗa jikinta. Yanzu kuwa ta ga wuri mai ɗumi, ta zauna.

Malam ya ce an zalunce ta, wannan gaskiya ne, kuma wadda ta yi ba ta sani ba, ga ta nan tana neman gafara. Amma yarinya ba ta hura wuta ba, kuma jikin ɗan Adam ba gidan haya ba ne. Ya ce za a wanke ramin, a rufe mata shi kamar da. Ta ce hayaƙi ya shiga jikin dutsen, har abada ba zai zaunu ba. Ya ce to ga duwatsu nan birjik sun kewaye gari, ta zaɓi kogon da ta ga dama. Sai aka yi wata busasshiyar dariya da bakin yarinyar.

"Malam, kana tsammani babu masu su? Ni ma baƙuwa ce a nan. Dutsen da aka haife ni masu fasa dutse sun sa masa nakiya, sun mai da shi tsakuwa. Na koma wata tsamiya, aka sare ta za a yi titi. Na bi kogunan nan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce a cike yake. Ramin nan ne kaɗai ba wanda ya so shi."

Fuskar Malam ta ɗaure. Ya ce ya ji, amma ba zai bar ta a nan ba. In ba ta fita da girma ba zai ci gaba da karatu, ta kuma san abin da zai same ta. Ta ce ya yi. Ta ce ta gaji da yawo, in ƙonewa ce ta ƙone a nan, amma ya sani ba za ta saki abin da ta riƙe ba, tare za su tafi. Malam ya ɗora hannu a goshin yarinyar ya ɗaga murya. Safa ta fara banƙarewa, numfashinta na sarƙewa, leɓɓanta suka fara yin baƙi. Dakta, wanda ya fi kowa sanin ma'anar wannan launi, ya fara kuka kamar ƙaramin yaro.

Khaulat ba duk maganar ta ji ba, amma ta ji wadda ta sani. Ta ji an ce kowa ya ce a cike yake. Ita ma an faɗa mata haka a bakin iyaka, da Safa a hannu, rana tsaka. Ta matso ta ce Malam ya tsaya don Allah, ta sunkuya saitin fuskar 'yarta, ta harhaɗa Hausarta.

"Iya, ni na ƙona ɗakinki. Ina da gida. Ɗaki huɗu. Ba kowa a ciki."

Idanun suka juyo kanta. Muryar ta tambaya ina ne, kuma na wa ne. Khaulat ta ce nata ne ita kaɗai, gadon uwarta, a Umdurman, kusa da kogi. Ba ƙofa, ba taga, amma rufin yana nan, kuma ɗakin mahaifiyarta da ke ƙurya yana da sanyi ko da bazara. Tsohuwar ta ce nisa ba komai ba ne a wurinsu, kafin a idar da sallar magariba ta isa. Amma ta san halin mutane. Yau a ba ka kango, gobe a dawo da tsintsiya da garwashi.

"Sau uku aka tashe ni. Ba za a yi na huɗu ba. In na shiga, ke da jininki ba mai sake taka gidan. Ba sayarwa, ba haya. Kin yarda?"

Dakta ya ɗago ya kira ta, "Ummu Safa," ya ce ta yi tunani, shi ne fa abin da ya rage mata a duniya. Malam ma ya juya mata maganar da Larabci don kada ta ce ba ta gane ba. Ya ce wannan ba yanka ba ne, ba bauta ba, kyautar wurin zama ce, kuma kango dama mazauninsu ne. Amma alƙawari da su ba a warware shi, wanda ya karya a kan 'ya'yansa ake biya. Khaulat ta dubi bakin 'yarta. Ta tuna ƙofar gidan mai shuɗin fenti da aka riga aka ɓalle, da inda gadon mahaifiyarta yake, da ramin turaren da ke bayan ɗakin girki. Zuciyarta ta yi mata ciwo irin wanda ba ta ji ba ko ranar da suka gudu.

"Na yarda," ta ce. "Na ba ki."

Malam ya sa tsohuwar ta rantse da Allah cewa ba za ta sake kusantar yarinyar ba, ya sa Khaulat ma ta rantse, Hajiya da Dakta suka shaida. Sannan muryar ta nemi kwatance. Khaulat ta yi mata shi tiryan-tiryan kamar yadda ake yi wa baƙon da ake ɗokin zuwansa: a bi ta bayan kasuwar hatsi, a wuce masallaci mai koren hasumiya, layi na uku a hannun dama, gidan da ke da kututturen lemu a tsakiya. Daidai nan ladan ya kira magariba. Safa ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Wata ƙaramar iska ta ɗaga tsohon faifan da ke gindin dutse, ta juya shi sau ɗaya, ta ajiye.

Yarinyar ta buɗe ido ta ce yunwa take ji. Hajiya ta tafi ɗumamo tuwo tana share hawaye da gefen zani. Malam ya ƙi kwana, ya ce ɗalibai na jiran sa, ya yi salla ya hau babur ɗinsa.

Ba a sake jifa a gidan ba. Safa ta koma makaranta, ba ta tuna komai sai cewa ta yi dogon barci a wuri mai ƙunci. Khaulat ta yi mako guda ba ta cika magana ba. A rana ta takwas Dakta ya dawo daga aiki ya tarar da akwatunan nan uku a buɗe, babu komai a ciki, an ɗora su kan durowa.

Bayan wata biyar, wata ranar Asabar da hantsi, Haisam ya kira. Muryarsa cike da murna. Ya ce unguwarsu ta lafa, mutane sun fara dawowa. Ya ce duk layin an kwashe rufin gidaje, nata ne kaɗai ba a taɓa ba, don duk ɓarawon da ya sa ƙafa a ciki da duwatsu ake raka shi har bakin titi, ba a kuma ganin mai jifan. Ko yara ba sa shiga ɗauko ƙwallo. Ya ce Allah ne ya tsare mata gidanta, ƙofa kawai za a sa a shiga, yaushe za su taho?

Khaulat tana tsugune a tsakar gida, inda Hajiya ta yarda aka fasa siminti faɗin tafi biyu. Sabon dashen lemun tsami ne a wurin, ganyensa shida. Ta ɗaga kai ta kalli Safa, wadda ke bakin ƙofa tana gardama da ƙawarta a kan igiyar tsalle. Sannan ta gyara riƙon wayar a kunnenta.

"Ka gaya wa 'yan unguwa kada kowa ya shiga," ta ce. "Akwai mai shi a ciki."

Ta kashe wayar, ta goge fuska da bayan hannu. Ta ɗauki buta, ta yi bisimilla, ta zuba wa lemun ruwa.